Ƙarar da ta sa na canza boris biyu a banza, ashe iska ce ke yoyo

Wata huɗu cur na yi ina fama da wata ƙara a gaban motata, irin ƙarrrr ɗin nan kamar ana wasa wuƙa a dutse, kuma abin haushin ba kullum take zuwa ba. Sai ina tafe a kan kwalta lafiya lau, na ɗan taka totur zan hau tudu ko zan wuce wata mota, kawai sai ta taso daga wajen tayar hagu, ina ɗaga ƙafa kuma ta ɗauke ɗif. Ranar da na kaita gareji mun zaga mun zaga ni da makanike bata yi ba, ƙarshe dai ya ɗaga ta a jak ya jujjuya tayar yace "oga boris ne ya fara tafiya." Aka canza. Kwana uku ƙara ta dawo. Aka ce to ai na ɗaya gefen ne, sauti ne yake yaudarar kunne, shima aka canza, ta sake dawowa. Na uku da na je wajensa cewa yayi sai an sauke taransifa, wato akwatin giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya da na gaba, an buɗe, to anan ne na ja birki nace a dakata tukuna, domin akwai abu ɗaya da na lura dashi wanda babu wanda ya tsaya ya saurara in na faɗa: duk sanda ƙarar ta taso, in na murɗa maɓalli na sa fowil, wato tayoyi huɗu duka su ja, take yanke ta mutu. In da taransifa ce ta lalace ai lokacin da aka ɗora mata kaya ne ya kamata ta fi kuka, ba ta yi shiru ba.

Wannan ne ya sa na zauna na karanci yadda hob ɗin gaba na motar yake aiki, kuma shi yasa nake rubuta wannan, saboda na tabbata akwai masu irin motocin nan da yawa da ake ta canza musu kaya masu lafiya alhali ɗan tiyon roba ne da bai kai kaurin ɗan yatsa ba ya tsage.

Bari in fara da shi hob ɗin kansa, don wanda bai sani ba. Mota mai fowil irin wadda ake sawa a cire, in tana tafiya da tayoyin baya kaɗai, babu amfanin tayoyin gaba su riƙa jan shaf da aksil da farfelar gaba suna juyawa a banza, mai ne kawai yake ƙonewa kaya suna cinyewa. Shi yasa aka sa wani makulli a tsakanin taya da shaf, in an kulle su zama abu ɗaya, in an saki taya ta juya ita kaɗai. Wani Ba'amurke Arthur Warn shi ya fara kasuwancin wannan abu a 1948, don motocin Jeep da suka yi saura bayan yaƙin duniya na biyu, kuma har yau kamfanin Warn yana yin irin wanda zaka sauko ka murɗa da hannu. Daga baya kamfanonin mota suka ga mutane basa son saukowa cikin taɓo don murɗa hob, sai suka nemo hanyar da za'a yi daga cikin mota, ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce zuƙar iska, wato bakyum.

Injin fetur in yana silo, wato yana kunne ba'a taka totur ba, maƙogwaronsa a kusan rufe yake, fistin kuma suna ta ja, sai cikin manifol, bututun da ke kai iska cikin injin, ya zama yana zuƙa da ƙarfi. In ka sa geji zaka ga inci 17 zuwa 22 a inji mai lafiya, a jikin gejin ana rubuta ma'aunin inHg. In kana wuri mai tsayi sosai adadin yana raguwa, kamar inci 1 a duk mita 300 da ka hau, don haka kar wanda yake kan tsauni ya ga 16 ya ɗauka injinsa ya mutu. Inci 20 ɗin nan kusan kilo 0.7 ne a kan kowane santimita murabba'i, kaga in tantanin robar da ke cikin hob yana da faɗin a ce santimita murabba'i 30, an samu ƙarfin kilo 20 da ɗoriya kenan, ya isa ya ja zoben haƙora ya danne sifirin. Amma ga inda gizo ke saƙar: da zarar ka taka totur sosai maƙogwaro ya buɗe, zuƙar nan sai ta faɗi kusan sifili, in injin mai tobo ne ma har turo iska yake maimakon ya zuƙa. Saboda haka aka sa ɗan tanki na roba yana ajiye zuƙar, aka kuma sa wani ɗan bawul mai hanya ɗaya da ke hana ta komawa. Injin dizal shi bashi da wannan zuƙar ta manifol da za'a dogara da ita, famfo na musamman ake sa masa, wani a bayan altaneta, wani a jikin injin, wani kuma na lantarki ne.

Toh yanzu ga babban abin da nake so kowa ya riƙe, wanda rashin saninsa ne ya cinye min wata huɗu. Ba duka hob masu bakyum ne suke aiki iri ɗaya ba, wasu ma kishiyar juna ne, kuma in baka san wane iri ne a motarka ba duk gwajin da zaka yi a juye zaka karanta shi.

Akwai wanda zuƙa ce take sakinsa, sifirin kuma ya kulle shi. Wato muddin kana tafiya a tayoyin baya, dole zuƙa ta riƙe hob ɗin a buɗe ba ƙaƙƙautawa, in ka sa fowil sai solanoyid, wani bawul da wuta ke buɗewa da rufewa, ya yanke zuƙar sifirin ya tura haƙora su shiga. Haka na Ford F-150 ta 2004 da waɗanda suka biyo bayanta na shekaru da dama yake, suna kiransa IWE, haka kuma SsangYong Kyron da Actyon. Hikimar ita ce ko tiyo ya yanke a daji kana da fowil ɗinka. Illar kuma in yoyon kaɗan ne, ba ya saki gaba ɗaya ba ya kuma kulle gaba ɗaya, sai haƙora su tsaya baki da baki suna gogar juna, taya tana gudu shaf yana tsaye. Ƙarar da nake ji kenan. Shi yasa take zuwa in na taka totur, lokacin zuƙa ta yi ƙasa, shi yasa kuma take mutuwa in na sa fowil, lokacin haƙoran sun shige ciki sosai.

Akwai kuma wanda zuƙa ce take kulle shi, in babu ita a sake yake, irin na tsohuwar Kia Sportage ta ƙarshen shekarun 1990 da SsangYong Musso. Wannan shi baya yawan damunka da ƙara a kan kwalta, shiru zai maka har ranar da ka shiga yashi ko caɓi ka sa fowil, fitila ta kama a dashbod, tayoyin baya suna ta haƙa rami na gaba ko motsi.

Sai na ukun wanda yafi rikita mutane, shi zuƙar ta ɗan lokaci ce kawai. Tsofaffin manyan Ford F-250 da F-350 waɗanda suka fara fitowa a 1999, da Ranger ta 1998 zuwa 2000, zuƙa mai ƙarfi ake aika musu na wasu daƙiƙu hob ya kulle, in za'a saki a aika mai rauni, cikinsa kamar biro mai dannawa yake, ka danna ya fito ya tsaya da kansa ka sake dannawa ya koma. Suzuki Jimny da ta fito a 1998 ita tiyo biyu ke zuwa kowace taya, ɗaya na kullewa ɗaya na saki, mayen ƙarfe da sifirin ne suke riƙe shi a inda aka barshi. A irin waɗannan in ka sa geji bayan minti biyu da sa fowil zaka ga sifili, kuma lafiya ƙalau ne, amma wanda bai sani ba sai yace solanoyid ya mutu a sayo sabo. Dole geji ya kasance a jiki kafin a murɗa maɓallin, mutum ɗaya a ciki ɗaya yana kallon allura.

Wani abu kuma, wasu motocin bakyum ɗin nasu ba a taya yake ba sam, a jikin aksil ɗin gaba yake yana haɗa shaf ɗaya da ya rabu biyu, kamar Mitsubishi Pajero da L200, da Jeep Wrangler ta 1987 zuwa 1995. Hanyar binciken kusan ɗaya ce, sai dai kar ka je kana neman tiyo a bayan taya baka gani ba kace an cire.

Da na gane tawa irin ta farko ce, abin da na fara yi baya buƙatar kayan aiki in banda jak. Na sa waigi a tayoyin baya, na ja birkin hannu, na ɗaga gaba na sa ƙarfen tokare a ƙarƙashi, kuma don Allah kar wanda ya sa kai ko hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ballantana da injin a kunne. Injin a kashe na juya taya da hannu ina leƙen shaf ta baya, yana juyawa tare da ita, daidai kenan tunda babu zuƙa. Na tada injin, giya a fakin, maɓalli a 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, na sake juyawa, taya ta tafi ita kaɗai shaf yana tsaye, duka gefe biyun. Kaga a ido komai lafiya, kuma wannan ne dalilin da yasa a gareji ba'a taɓa kama ta ba, a silo zuƙa tana da yawa har ta rinjayi yoyon. Duk da haka gwajin yana da amfani sosai, musamman ga masu irin na biyu da na uku, domin nan take zai nuna maka wane gefe ne baya kullewa. Kuma gefe ɗaya ma ya isa ya kashe fowil ɗin gaba ɗaya, mutane da yawa basu san wannan ba, suna zaton in hob ɗaya ya kama ai an samu taya uku. A'a. Aksil ɗin gaba yana aika juyi ne inda yafi sauƙi, sai shaf ɗin da bai kulle ba ya yi ta juyawa a banza cikin hob, wanda ya kulle kuma bai samu ƙarfin komai ba.

Daga nan sai na nemi ɗan famfon hannu mai geji a jiki, irin wanda ake matsawa kamar filaya yana zuƙe iska. Wallahi in kana da mota mai wannan tsarin ka mallake shi, shi ne idonka, in babu shi lalube kawai kake a duhu. Ni shawarata a fara daga injin a bi iska har taya, ba daga taya a dawo ba, saboda kayan sama sun fi sauƙin kaiwa kuma su suka fi lalacewa.

Na cire tiyon da ke fitowa daga injin na sa geji, allura ta tsaya wajen 19 cak, tushe lafiya. Sai bawul mai hanya ɗaya, ɗan abu ne kamar murfin biro a tsakiyar tiyo, zaka iya wuce shi sau goma baka lura ba. Gwajinsa ko da baki ana yi, ka goge ka hura ta gefe ɗaya iska ta wuce, ka juya ka hura ta ƙi. Nawa ta ko'ina wucewa take, ba sosai ba amma tana wucewa, da na sa masa famfo na kai 20 kafin in ƙirga goma allura ta zube ƙasa. Laifi na farko kenan. Ma'ana duk sanda na taka totur, zuƙar da ke cikin tanki sai ta gudu ta koma injin, hob ya rasa mai riƙe shi. Tankin kansa na gwada ya riƙe, amma a duba shi da kyau, roba ce, yana tsagewa a wajen bakin da tiyo ke shiga ko wajen da aka ɗaure shi.

Solanoyid kuma abu biyu ake nema a wajensa, wuta da iska. A fara da fiyus. Sannan wani ya murɗa maɓalli kai kuma ka ɗora yatsa a jikinsa, zaka ji ɗan ƙas in ya motsa. In bai yi ba a auna ko wuta tana isowa soket ɗin, in tana zuwa shi ne ya mutu, in bata zuwa matsalar tana baya, waya ko maɓalli ko makunnin da ke jikin taransifa wanda ke shaida wa kwamfuta cewa giya ta shiga. Amma jin ƙas ɗin baya nufin ya tsira, yana iya motsawa kuma yana yoyo ta ciki, ko ƙofar da yake shaƙar iska ta toshe da ƙura. Sai ka sa geji a bakin fitarsa ka ga ko abin da ya shiga shi ke fita, kuma in an canza maɓalli allura ta faɗi nan take ba a hankali ba. In ka cire tiyo ka ga ruwa ya ɗigo ko farin gari kamar gishiri, to ruwa ya shiga layin, kuma ruwan nan har hob yake gangarawa ya sa tsatsa, a wuri mai tsananin sanyi ma daskarewa yake ya toshe hanya. Nawa dai a bushe yake kuma yana aiki.

Na canza bawul na ɗauka an gama. Ƙarar ta ragu ƙwarai, kwana biyu ban ji ta ba, rana ta uku ina shan kwana zuwa dama a hankali sai ga ta. Raina ya ɓaci sosai ranar, amma wannan karon na san inda zan nufa.

Na koma wajen solanoyid na cire layin da ke gangarawa tayoyi, na sa famfo na kai 20 na zuba ido. Ƙa'idar da ake bi a irin wannan tsarin ita ce kar allura ta sauka fiye da inci 1 a minti ɗaya. Tawa tana sauka amma a hankali, irin wanda zaka iya cewa ai ba komai. Sai tunanin kwanar nan ya faɗo min, nace wa ƙanina "shiga ka murɗa min sitiyari har ƙarshe, dama tukuna." Yana kaiwa ƙarshe allura ta faɗi warwas. Ya dawo dashi tsakiya na sake matsawa ta riƙe. Ashe tiyon hagu ne ya tsage daidai inda yake lanƙwasa kusa da ƙafar taya, ta ƙasa inda ido baya gani, in taya tana miƙe bakin tsagar a haɗe yake, in an karya sitiyari ko mota ta faɗa rami sai ya buɗe. Shekaru da zafi da ƙura ne kawai suka busar da robar. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni nakan ce kar ka gwada layi mota tana tsaye ƙiƙam, ka murɗa sitiyari hagu da dama, ka kama tiyon ka lanƙwasa shi da hannu, ka bi shi taƙi bayan taƙi musamman inda ya ratsa kusa da salansa, inda kilif ya danne shi, da inda roba ta haɗu da bututun ƙarfe, don shi ƙarfen tsatsa ke huda shi ta ƙarƙashin kilif. Ɓera ma yana cin tiyo in mota ta daɗe a ajiye.

Don ka raba gardama tsakanin layi da hob, sai ka cire tiyon daga jikin hob ka toshe bakinsa, ka gwada layin shi kaɗai, sannan ka sa famfo kai tsaye a bakin hob ɗin ka gwada shi shi kaɗai. A irin tawa baki biyu ne a jikin hob, babba na zuƙa ƙarami na numfashi, kuma ƙaramin nan in laka ta toshe shi ko aka juya su wajen mayarwa hob ba zai motsa daidai ba ko da komai sabo ne. Na dama ya riƙe 20 ko gezau. Na hagu ma ya riƙe iska, tantaninsa lafiya, amma da muka kwance muka duba haƙoran sun cinye, bakinsu ya zama kamar an goge da fayil, garin ƙarfe ya cakuɗe da giris yayi ƙyalli. Wata huɗu na gurzar juna kenan. Dole na canza shi, aka yi sa'a haƙoran da ke jikin boris basu tafi ba tunda sabo ne bai daɗe ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da tun farko wani ya ce hob ne muka canza hob kawai, da sabon ma haka zai cinye cikin 'yan watanni, sai a ce kayan yanzu basu da kyau. Hob shi ne wanda ake ji yana kuka amma sau da yawa dukansa ake daga sama.

A motocin da zuƙar ke bi ta cikin ƙafar taya kanta kafin ta isa hob, irin manyan Ford ɗin can da Jimny, akwai ƙarin wurin yoyo da babu shi a tawa, wato sil ɗin da ke bayan boris da zoben robar da ke tsakani. Nan iska bata cikin tiyo, tana cikin wani ɗaki ne da sil ya rufe, shaf kuma yana juyawa a tsakiyarsa. In boris ya yi lako-lako, ko boris ɗin kimfin ya saki, shaf sai ya riƙa rawa yana buɗe bakin sil, ka canza sil sau uku ba zai riƙe ba sai ka gyara rawar. Don haka mota tana sama ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Haka kuma in matsalar ta fara ne bayan an yi aikin boris ko shaf, to ka fara zargin zoben roba, ko an manta dashi ko an cije shi wajen ɗaurawa. Su manyan Ford ɗin ma suna da wata alama mai kyau, iskar esi ɗinsu da zuƙa ake juya ƙofofinta, in ka sa fowil ka ji iska ta bar fuskarka ta koma gilashin gaba, yoyo ne babba a layin hob. Kuma a fuskar hob ɗinsu akwai abin murɗawa mai AUTO da LOCK, in zuƙa ta ƙi sai ka sauko ka kai shi LOCK da hannu ka fita daga inda ka maƙale.

Ga mai irin tawa kuma da ya fara jin ƙarar yau kuma bashi da halin gyara a satin nan, kar ka ci gaba da tafiya tana gurza. Ka zare soket ɗin solanoyid, ko ka cire tiyon da ke zuwa tayoyi ka toshe ɓangaren injin da kyau, hob biyun zasu kulle su zauna. Muddin maɓalli yana 2H taransifa bata haɗa gaba da baya ba, zaka iya hawa kwalta ba fargaba, ɗan mai ne zai ƙaru kuma kayan gaba zasu riƙa juyawa. Wannan daban yake da sa fowil a busasshiyar kwalta, wanda shi kam kar a yi, tayoyin gaba da na baya basa tafiyar nisa ɗaya a kwana, in babu inda zasu zame sai ƙarfen ciki ya murɗe, sitiyari yayi nauyi, giya ta ƙi fita, wani lokacin wani abu ya karye.

Wajen mayar da kaya ma akwai kurakuran da ake yi. Tiyo dole ya zama na bakyum mai kaurin bango, in aka sa farin tiyo mai laushi ɗin nan da zarar ya ji zafin injin sai ya manne ya toshe kansa, ka duba da ido baka ga komai ba. Kar a hura iskar kwamfaresa cikin hob don wai a wanke shi, tantanin zai fashe, in za'a hure layi a cire shi ta baki biyun tukuna. Giris kaɗan ake shafa wa haƙora, in aka cika shi dam ƙarfin zuƙar ba zai iya jan zoben cikin wannan kaurin ba, balle da sanyin safiya. Zoben roba kuma giris na silikon ya fi masa. Sannan wajen sa sabon hob irin nawa, a riƙe shi da famfon hannu a zuƙe har a gama zura shaf a daidaita haƙora, in ba haka ba ana ɗaure noti za'a murƙushe shi tun bai fara aiki ba, kuma notin bakin shaf ɗin ƙarami ne, da ma'auni ake ɗaure shi yadda littafin motar ya faɗa, ba da bindigar iska ba.

Wasu sun ce min in rabu da wahala in cire bakyum ɗin gaba ɗaya. A motocin da hob yake waje a tsakiyar taya ana iya sa na hannu, Warn ko AVM ko Aisin, a toshe layukan, kuma ga wanda kullum yana cikin ruwa da taɓo ni ma ina ganin hakan ya fi, domin duk tsallaka ruwa ɗaya dama ce ta shigar ruwa ta sil. Sai dai a toshe layin da kyau, in aka barshi a buɗe injin fetur zai riƙa shan iskar da ba'a auna ba silo ya lalace, a dizal kuma famfon da ke ba hob zuƙa sau da yawa shi ke ba birki, kaga wasa da wannan wasa da rai ne. A Jimny ma akwai makunnin da ke jiran ya ji zuƙa kafin fitilar fowil ta daina ƙiftawa, in ba'a toshe yadda zai ji ta ba haka zata yi ta yi. Irin tawa kuwa hob ɗin a ciki yake bayan boris, babu inda hannu zai kai, abin da ake sa wa shi ne zoben da ke kulle shi dindindin. Ni ban yi ba. Yawancin tafiyata a kwalta ce, kuma tunda na fahimci tsarin na ga ba wani abu ne mai wuya ba, tiyo ne da bawul da tanki da solanoyid, duk cikinsu babu wanda ba zan iya gwadawa cikin rabin awa ba.

Bayan an gama ɗaurawa ban yarda da gwajin tsaye ba. Na sa mahaɗi mai baki uku a layin da ke zuwa tayoyi, na jawo dogon tiyo ta gefen bonet na shigo da geji cikin mota na ba ƙanina ya riƙe, muka nufi tudun nan da ƙarar ta saba tasowa. Na taka totur sosai tun daga ƙasa har sama, ina tambayarsa nawa, yana cewa "yaya tana nan a 18, bata motsa ba." Muka sha kwana hagu da dama, muka bi hanya mai gargada, tana nan. Da muka sauka kan ƙasa na murɗa zuwa 4H, wato fowil, allura ta faɗi sifili nan take, na ji gaba ya kama, na mayar 2H ta sake hawa. Yanzu duk wata nakan nemi hanyar ƙasa in sa fowil in yi 'yan kilomita don giris ya zagaya haƙora kar su ƙafe, kuma duk sanda za'a juye baƙin mai nakan sa famfon a layin in murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. Tiyon dama ban jira ya tsage ba, shekarunsu ɗaya da na hagu, satin da ya biyo baya na canza shi.